An ba ni shugabancin makarantar ƙauye, ta ina zan fara?

Wani ɗan'uwa malami ne ya aiko da tambaya. Ya ce ya daɗe yana koyar da lissafi a wata sakandare cikin birni, sai ga takarda an naɗa shi firinsifal na wata ƙaramar sakandaren jeka-ka-dawo a ƙauye, nesa da kwalta. Ya je ya tarar iska ta yaye kwanon wasu ajujuwa, malaman da ke rubuce a takarda ba su kai yawan darussa ba, waɗanda ya gani da ido kuma ba su kai na takardar ba. Yana so ya san ainihin aikinsa, da abin da ya kamata ya fara sa wa hannu.

Malam, Allah ya sanya alheri, ya taya ka riƙo. Na riƙe irin waɗannan makarantu kafin a mayar da ni aikin duba makarantu, saboda haka zan gaya maka abin da na sani ba tare da kwana-kwana ba. Aikinka shi ne darasi ya gudana: malami yana gaban allo a lokacin da jadawali ya ce, yaro yana zaune a gabansa, kuma yaron ya fita da abin da bai shigo da shi ba. Gaisuwar dagaci, taron iyaye, rajista, kuɗi, gyaran rufi, duk hidima suke yi wa wannan. Duk abin da ya zo gabanka, ka tambayi kanka ko zai ƙara lokacin karatu ko zai rage shi. Shugabanni da yawa sun shagala da ofis da zirga-zirgar hedikwata, zango ya ƙare ba su san ko an koyar da Turanci a aji biyu ba.

Maganar farko ita ce inda za ka riƙa kwana. A birni makaranta tana iya tafiya ko shugaba ya makara, don akwai mataimaka biyu, akwai ma'aji, ofishin shiyya na kusa, iyaye kuma suna sa ido. A ƙauye kai ne duka waɗannan. Idan ka saba isowa ƙarfe goma, malamai za su saba da goma da rabi, yara kuma su tashi da zarar an yi tara. Ra'ayina shi ne ka nemi ɗaki a garin, ko a wani gari mafi kusa, ka riƙa kwana daga Lahadi da yamma zuwa Juma'a. Ban da inda tsaro ya taɓarɓare, wannan zan zo kansa. Mutanen da suke ganinka a sahun asuba da wajen jana'iza da suna, su ne za su saurare ka ranar da ka ce a bar yarinya ta gama aji uku.

Kafin ka sa hannu a takardar karɓar makaranta, ka ƙirga komai da idonka: benci, littattafai, kayan gwaji in akwai, kuɗin da ke asusu, da bashin da ake bin makaranta. Abin da ba ka gani ba kada ka sa hannu a kansa, ko da wanda ka gada aminin ka ne. Sannan ka zagaya iyakar filin makaranta tare da dagaci da dattawan da suka san yadda aka ba da shi. Filayen makarantun ƙauye da gona ake cinye su, kunya ɗaya bana, kunya biyu baɗi. Idan babu takarda, ka sa a rubuta iyakar, shaidu su sa hannu, ka aika kwafi ofishin shiyya, in damina ta sauka ku dasa darbejiya a kan layin.

Makonnin farko na gaisuwa ne da sauraro. Ka je wajen hakimi, da dagaci, da liman, da masu unguwanni, da malaman makarantun allo da Islamiyya, da hedimastocin firamaren da ke turo maka yara. Kada ka aika, zuwa da kai ya fi saƙo. Ka kuma zauna da maigadin makaranta, domin sau da yawa ya fi kowa sanin abin da ya kori shugaban da ya gabace ka da dalilin da ya sa wata unguwa ta daina turo 'ya'yanta.

Yanzu ga inda aikin yake da nauyi, wato malamai. Abin da za ka iya tararwa shi ne an raba mako a ɓoye: wane Litinin da Talata, wane Laraba da Alhamis, Juma'a kuwa sai wanda Allah ya kawo. Wanda ya zo shi zai sa wa abokinsa hannu a littafin zuwa aiki. Kafin ka yi fushi, ka fahimci yadda abin ya samo asali. Yawancinsu iyalinsu na birni, babu gidan malamai, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin babur na zuwa da dawowa kullum yana cinye kaso mai tsoka na albashin ƙaramin malami. A watan Oktoban 2020 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin alawus na musamman ga malaman karkara. Dokar da ta kai shekarun ritayar malamai 65, ko shekara 40 a bakin aiki, an sa mata hannu a 2022, amma alawus ɗin, malaman ƙauye da yawa ba su gan shi a albashinsu ba. Sanin wannan ba ya halatta barin aji babu malami. Amfaninsa shi ne ya nuna maka inda za ka sa magani.

Ka roƙi dagaci ɗaki ɗaya ko biyu da malamai za su riƙa kwana kyauta, yawancin garuruwa suna bayarwa in an nema da ladabi. Ka zauna da malaman ku tsara jadawali a fili, yadda mai zuwa daga nesa darussansa ba za su faɗo ƙarfe takwas na safiyar Litinin ba, amma kowane darasi ya sami adadin lokutansa cif. Littafin zuwa aiki ya zauna a teburinka, kai ne farkon sa hannu, in lokaci ya cika ka ja layi. Bayan haka ka bar ofis. Ka riƙa bin ajujuwa kana leƙawa, wani lokaci ka shiga ka zauna a baya har darasi ya ƙare, ka karɓi littattafan yara biyu ko uku ka gwada abin da ke ciki da abin da malami ya rubuta cewa ya koyar. Littafin yaro ba ya ƙarya. Kai ma ka ɗauki aji. Tunda lissafi ne fanninka, ka riƙe aji uku da kanka. Malamin da ya ga firinsifal da alli a hannu ba ya samun bakin kawo uzurin banza.

Wanda ya ci gaba da fashi, ka bi matakai a jere. Ka kira shi ku biyu ka ji damuwarsa, in ya sake ka gargaɗe shi a gaban mataimakinka, in ya sake ka ba shi takardar tuhuma, sannan ka kai rahoto. Kada ka taɓa ci wa malami mutunci a gaban ɗalibai. Za ka haɗu da mai uban gida a sama, wanda zai nuna maka cewa ba ka isa ba. Ba ruwanka da cacar baki. Ka rubuta ranakun da bai zo ba, ka aika, ka ajiye kwafi. Ko ba a hukunta shi ba, sauran malamai sun ga ba ka da ɗan lele, kuma ranar da masu bincike suka zo ba kai za a kama da rufa-rufa ba.

Ƙarancin malamai kuwa, manufar ilimi ta ƙasa ta ce ɗalibi 35 zuwa 40 ga malami ɗaya, kuma mafi ƙarancin shaidar koyarwa ita ce NCE, tare da rajista da hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN. A ƙauye abin da aka fi rasawa shi ne malamin Turanci, da na lissafi, da na kimiyya. Ka riƙa rubuta buƙatarka kowane zango, darasi-darasi, ga hukumar da makarantarka ke ƙarƙashinta, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) ce ko hukumar makarantun sakandare, don abin ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Ka nemi masu yi wa ƙasa hidima, amma ka tanadar musu masauki da ruwa kafin su iso, in ba haka ba mako guda za su nemi canji. Ka kuma bincika cikin garin, da wuya ka rasa matashi mai NCE da ke zaune ba aiki. Irin waɗannan 'yan sa-kai su ne suke riƙe da makarantu da yawa. Ka sa kwamitin makaranta ya riƙa ba su ɗan ihisani, ko hatsi ne lokacin kaka, kuma kada ka yi musu alkawarin ɗaukar aiki, ba a hannunka yake ba.

Akwai abin da nake so ka yi a makon farko na shigar 'yan aji ɗaya, ko da za ka bar komai. Ka kira su ɗaya bayan ɗaya, ka ba kowa gajeren sakin layi na Hausa ya karanta, da jimla biyu na Turanci, da ɗebewa mai aro guda ɗaya. Abin da za ka gani zai tayar maka da hankali. Za ka sami yaran da suka shekara shida a firamare ba sa iya haɗa baƙi da wasali. Yaron da bai iya karatu ba, duk abin da ake yi a darasin kimiyya ko zamantakewa kwafar zane yake yi daga allo, kuma shi ne zai fara gudu, don babu mai jure zaman awa biyar a inda ba ya gane komai. Manhaja ba ta tanadi wannan ba, tana ɗauka an gama shi a firamare. Kai ne za ka tanada. Ka ware rabin awa kowace safiya, ka raba yaran gwargwadon abin da suka iya ba gwargwadon ajinsu ba, a fara da karatun Hausa. Yawancin yaran nan sun yi makarantar allo, sun san cewa baƙi yana da sauti kuma wasali yana juya shi, saboda haka in aka fara da harshen da suke ji, ba sa daɗewa suke kamawa, daga nan a haye Turanci. Ka ba wannan aikin malaminka mafi haƙuri, ba wanda ya rage ba aiki ba. Sakamakon gwajin kuma ka kai wa hedimastocin firamare cikin mutunci, a matsayin matsalar da ta shafe ku duka.

Wannan ne kuma maganin abin da zai zo maka a ƙarshen aji uku, lokacin jarabawar kammala ƙaramar sakandare ta BECE. Za a zo maka da maganar a haɗa kuɗi a “taimaki yara”, a sallami mai sa ido, a rubuta amsa a allo. Za a ce haka ake yi ko'ina, kuma in yara suka faɗi kai za a zarga. Kada ka yarda. Yaron da aka rubuta wa amsa zai tafi babbar sakandare da takarda ba ilimi, ya kuma koyi cewa malaminsa ma yana sata. Ka sanar da matsayinka tun farkon shekara, a gaban iyaye, ka kuma biyo shi da darasin ƙari na yamma ga 'yan aji uku, don kada ya zama ka hana ba ka bayar ba.

Sai zuwan yara. Kalandar makaranta a birni aka tsara ta, ƙauye kuwa da damina yake tafiya. Zango na uku yana faɗawa kan shuka da noman farko, zango na ɗaya kan girbin gero da cirar gyaɗa da roron wake, ga ranar kasuwa kowane mako. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara, firamare shida da ƙaramar sakandare uku, har ta tanadi hukunci ga iyayen da suka ƙi: gargaɗi da farko, sannan tarar naira 2,000 ko wata ɗaya a gidan yari, in an sake naira 5,000 ko wata biyu. Amma ban taɓa ganin makarantar da ta cika da kotu ba. Manomin da ya riƙe ɗansa ranar shuka ba ƙin boko yake yi ba, abincin shekara yake nema, kuma bulala a bakin ƙofa ba abin da take ƙarawa sai gudu. Ka duba rajistar bara ka gano makonni da ranakun da aji yake zama wayam. Ka kai lissafin gaban iyaye ku yi yarjejeniya: kwanakin shuka an san da su, bayan su yaro ya dawo, aikin gona ya koma yamma da Asabar da Lahadi. Ranar kasuwa ka sa manyan darussa da sassafe, kada ka sa gwaji. In kana son sauya lokacin shiga ko na tashi, ka nemi izinin ofishin shiyya a rubuce. Yaron da aka kwana uku ba a gani ba, malamin ajinsa ya je gidansu a ranar, kafin fashin ya zama ɗabi'a. Kada kuma ka manta da rugagen da ke kewaye. Akwai hukumar ilimin makiyaya tun 1989, amma makarantunta yawanci a firamare suke tsayawa, yaran da suka gama wajenka za su zo in ka je ka gaida arɗo ka gayyace su.

Batun 'yan mata yana bukatar kulawa ta daban. Talla da aure su ne kowa yake ambata, amma akwai ƙananan dalilai da suke a hannunka. Makarantar da ba ta da makewayin mata mai ƙofa da ruwa, yarinyar da ta fara al'ada za ta riƙa fashin kwanaki kowane wata har ta daina zuwa. Makarantar da ba malama ko ɗaya, uwa ba ta sakin jiki. Ka nemi malama ko ta sa-kai ce, ka sa 'yan matan unguwa ɗaya su riƙa tahowa tare. Maganar aure ba a yin ta da gadara. Ka bi ta hannun liman da dattawan matan gari, ka nemi a jinkirta har ta gama, in an riga an sa rana ka nemi a sa ci gaba da karatu cikin sharuɗɗa, ka kuma bar mata gurbinta. In jiharka tana cikin shirin tallafa wa ilimin 'yan mata na AGILE, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 ya fara da jihohi bakwai da suka haɗa da Kano da Katsina da Kaduna da Kebbi da Borno, ka bi sawun abin da makarantarka ta cancanta a ciki. Abu ɗaya ne babu sulhu a kansa: malamin da ya nemi ɗaliba da lalata. Kada ka rufe, kada ka yarda a kashe maganar a zaure, kada ka nema masa canjin makaranta a asirce ya je ya yi wa wasu. Ka raba shi da aji a ranar, ka kai rahoto a rubuce. Haƙƙin yarinyar ne a wuyanka, kuma magana ɗaya irin wannan tana iya kwashe 'yan matan gari daga makaranta shekara da shekaru.

Kuɗi shi ne ya fi kayar da shugabanni. Ka sani cewa dokar 2004 ta ce karatun nan kyauta ne, wanda ya karɓi kuɗin makaranta kuma yana fuskantar tarar da ta kai naira 10,000 ko wata uku a gidan yari. Gwamnatin tarayya tana ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarta ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, jiha kuma sai ta ajiye nata kason kafin ta karɓa, daga nan ayyuka su fito ta hannun 'yan kwangila. Ma'ana, abin da zai shigo hannunka kaɗan ne, wani zangon ko na alli babu. Nan ne kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wato SBMC, yake da amfani. Ya bambanta da ƙungiyar iyaye da malamai ta PTA, domin ya haɗa wakilin sarauta, da malaman addini, da mata, da tsofaffin ɗalibai, da masu sana'a, da wakilan ɗalibai, kai kuma yawanci sakatare ne ba shugaba ba. In ka tarar sunaye ne kawai a takarda, ka farfaɗo da shi, kuma kada ka cika shi da 'yan amshin shata. Duk gudummawar da za a tara, su yanke ta a taro, kuma kada a kori yaro ko ɗaya don uban bai bayar ba. Kada kuɗi ya kwana a aljihunka. A sa a asusu mai sa hannun mutum biyu ko uku, abin da ya shiga da abin da ya fita a karanta shi a taro da Hausa, a kuma liƙa a bango. In kuɗi ya samu, rufi da ruwa da makewayi da alli su ne gaba, fentin ofishinka ya jira. Ɗan kwangilar da ya kawo maka takardar kammala aiki alhali ba a sa tagogi ba, kada ka sa hannu. Kansila ko ɗan majalisa ya kawo benci, ka karɓa ka yi godiya a bainar jama'a, amma makaranta ba ta da jam'iyya.

Takardu ba sai na tsawaita ba, ka san su: rajistar shiga, rajistar kiran suna, littafin tarihin makaranta, na baƙi, na kaya, na kuɗi, da na sakamako. Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai, ƙidayar makarantu ta shekara-shekara. Kada ka ƙara yawan yara don a ƙaro maka kaya, kada ka rubuta malamin da ba ka taɓa gani ba. Ka kuma shiga ƙungiyar shugabannin sakandare ta ANCOPSS a shiyyarka, ka riƙi wani tsohon firinsifal da za ka riƙa kira in abu ya ɗaure maka.

Na bar tsaro a ƙarshe don shi ne kaɗai yake gaban darasi. Rayukan yaran nan amana ce a hannunka daga shigarsu har su isa gida. Ajin da bangonsa ya tsage kada a zauna a ciki, gara inuwar bishiya. In akwai rafi tsakanin makaranta da wata unguwa, ranar da hadari ya haɗu ka sallami yaran can da wuri. Lokacin zafi ka sa ido kan sanƙarau, da damina kuma amai da gudawa, ka san ma'aikacin asibitin da ya fi kusa. Sannan ga satar ɗalibai da aka yi a Ƙanƙara a watan Disambar 2020, da Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021. Waɗannan makarantun kwana ne, amma a Kuriga ta jihar Kaduna, a watan Maris na 2024, da safe aka kwashe yara a makarantar jeka-ka-dawo, saboda haka kada ka ce taka ba ta ciki. Ka riƙe lambar DPO, da ta shugaban 'yan sintiri, da ta dagaci, ka san daidai inda waya take kamawa a harabar. Ku yi shawara da malamai da kwamiti tun lafiya lau: wace alama za a buga, ta wace hanya kowane aji zai fita, a wane gida za a taru, wa zai ƙirga yara. Masu zuwa daji itace da makiyaya da 'yan acaɓa su ne suke fara ganin baƙon motsi, ka zama mutumin da za su iya gaya wa ba tare da tsoron sunansu zai fita ba. In labari mai ƙarfi ya zo maka, kada ka jira takarda daga hedikwata. Ka sallami yara, ka sanar da dagaci da jami'an tsaro, ka rubuta lokaci da dalili a littafin tarihin makaranta, sannan ka kira ofishin shiyya ka gaya musu abin da ka yi.